Cokali Ɗari Uku

Mu arba'in da ɗaya ne a ƙauyen nan,
in an ƙirga da Zulmira da ke kwance tun bara.
Sauran suna Faransa,
suna aiko mana da hotunan jikoki da maganin hawan jini.
Can bayan duwatsun arewacin Fotugal muke,
inda bas ke zuwa sau biyu a mako, in ta ga dama.

Amma kwana uku a watan Agusta
duniya takan yi ɓatan kai ta faɗo mana.

Belmiro ya yanke ciyawar gonarsa da wuri,
ya kora shanu gangare yana ba su haƙuri.
Custódio, da ya tsufa yana gyaran wuta a ƙasar wasu,
ya ja waya daga coci har gindin zaitun.
Ba mai karɓar ko sisi.
Ladanmu riga mai ruwan ɗorawa, da ciwon baya.

Ni Idalina, cokula aka ba ni.
Na bi gida-gida da kwando,
kowane gida da launin zarensa:
ja na Amélia, shuɗi na fada,
baƙi na Graciete,
wadda ba ma ga maciji tun rikicin rijiya.
Ta miƙo sha biyu ta taga, ba ta ce uffan ba.
Ɗari uku cif. Na rubuta a bayan kalanda.

Sai ga su da ƙura da akwatuna:
wani ɗan Mongoliya mai murya biyu a maƙogwaro ɗaya,
mata huɗu daga Jojiya masu dariya kamar faɗa,
wani ɗan Peru da sarewarsa ta tsage a jirgi,
ya ɗaure ta da jan zaren Amélia.
Ba ma jin yarensu.
Miyar kabeji ce ta yi mana tafinta.

Shekara tara ban taɓa ganin dandalin ba.
Ta bangon kicin kiɗa ke iske ni.
Ina gane an soma ganga
in ruwan wanke-wanke ya fara rawa a baho.

Daren ƙarshe hadari ya taso daga wajen Sifen.
Tsawa ɗaya, wayar Custódio ta ce ga garinku nan.
Duhu. Mutum ɗari bakwai jiƙe sharkaf.
Ina za su, in ba inda wutar murhu ke leƙowa ba?
Suka cika min kicin, har ɗakin dankali, har barga.
Wani jariri na kuka. Wani na neman takalmi.

Sai na ji ƙas, ƙas, ƙaras,
a bayana.
Graciete ce, cokali biyu a hannu,
tana buga su a gwiwa yadda ubanta yake yi
tun muna yara, tun rijiyar tamu ce duka.
Matan Jojiya suka ɗora murya a kai.
Ɗan Mongoliya ya shigo ta ƙasa kamar ƙudan zuma a tulu.
Hannaye suka faɗa bahona,
ja da shuɗi da baƙi suka cakuɗe,
ina ihu a ajiye min kayan mutane,
ashe nima biyu ne a hannuna.

Da safe filin Belmiro ya zama laka da sawu.
Na zauna na ƙirga. Na sake ƙirgawa.
Ɗari uku da ɗaya.
Na ƙarshen na itace ne, bakinsa ya cinye da amfani,
babu zare a wuyansa.

Na kai wa Graciete nata sha biyun.
Ta duba su ɗaya bayan ɗaya a hasken taga.
"Wannan ya lanƙwashe," in ji ta.
Maganarta ta farko ke nan gare ni a shekara sha bakwai.
Na ce, "Gwiwarki ce ta lanƙwasa shi."

Na itacen yana rataye a ƙusa, kusa da kalanda.
Har yau ban san launin da zan ɗaura masa ba.